2222: Yadda Asibiti Ke Daidaita Kiran Ayarin Ceto Idan Zuciyar Majinyaci Ta Tsaya

Da zarar zuciya ta daina harba jini, cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 hankalin mutum ke gushewa. Idan aka kai minti 4 zuwa 6 ba a danna masa ƙirji ba, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewar da ba ta gyaruwa. Mutum zai zaci a cikin asibiti, inda likita da magani suke kusa, wannan lokacin ya isa. Sau da yawa ba ya isa. Nas ɗin da ta tarar da majinyaci ba ya numfashi da tsakar dare tana iya zama ita da abokiyar aikinta ɗaya kaɗai a ɗaki mai gado 30. Likitan da ya iya sa bututun numfashi yana wani bene, na'urar girgiza zuciya da lantarki kuma tana can ƙarshen baranda. Abin da ke tara su gaban gado ɗaya shi ne kiran waya guda, kuma a wannan kiran ne ake yawan asarar mintin farko. Shi ya sa asibitoci da dama suka tsayar da lamba ɗaya ta wayar cikin gida, 2222, don kiran ayarin ceto.

Minti ɗaya ɗin nan yana da tsada. Wani bincike da aka buga a 2008 ya duba majinyata 6,789 a asibitoci 369 na Amurka, waɗanda zuciyarsu ta tsaya da irin rikicewar bugun da girgizar lantarki ke gyarawa. Cikin waɗanda aka girgiza a minti 2 ko ƙasa da haka, kashi 39.3 cikin ɗari sun bar asibiti da ransu. Cikin waɗanda aka yi wa jinkiri, kashi 22.2 ne kawai. Kuma jinkirin ya shafi kusan mutum 3 cikin kowane 10.

Inda lambar ta samo asali

A 2004 hukumar kare lafiyar majinyata ta Birtaniya, NPSA, ta gano cewa asibitocin gwamnati na Ingila da Wales suna amfani da lambobi 27 daban-daban wajen kiran ayarin ceto. Ma'aikatan lafiya kuwa ba sa zama wuri ɗaya: ƙaramin likita yana sauya asibiti bayan 'yan watanni, nas ɗin haya tana iya yin aiki a asibitoci uku cikin mako guda. Sai hukumar ta umarci kowa ya koma 2222. A Denmak an ƙirga lambobi 41 a asibitoci 74, kuma kusan rabin ma'aikatan da aka tambaya ba su san lambar asibitinsu ba. Da aka faɗaɗa tambayar zuwa nahiyar Turai, sai aka tarar da lambobi 105. A watan Satumba na 2016 majalisar farfaɗo da zuciya ta Turai, ERC, da manyan ƙungiyoyin likitocin sa barci biyu na nahiyar suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa duk asibitocin Turai su ɗauki 2222. Turkiyya ta riga ta mayar da ita ƙa'idar ƙasa, har ta ware 1111 don cin zarafin ma'aikaci da 3333 don satar yaro. Jihar New South Wales ta Ostireliya ita ma ta bi sahu.

Ba wani sirri a cikin lambar. Maɓalli ɗaya ne ake dannawa sau huɗu, hannu mai rawa ba ya kuskure shi, kuma ita ce dama ta fi yawa a asibitocin. Amfaninta yana cikin zamanta ɗaya a ko'ina. Sai dai buga takarda a manna a bango shi ne mafi sauƙin aikin. Asibitin da ya sauya lamba bai gyara abin da ke bayanta ba, ya sauya wa tsohuwar matsalarsa suna ne kawai.

A fara da ƙirga abin da ake da shi

Kafin a taɓa komai, a naɗa mutum ɗaya da aikin zai rataya a wuyansa, a haɗa shi da ƙaramin kwamiti: likitan sa barci ko na ɗakin gaggawa, babbar nas, shugaban ɗakin haɗa waya, injiniyan sadarwa, da shugaban masu gadi. Su zaga asibitin da ƙafa, da rana sau ɗaya, da dare sau ɗaya. A kowane ɗaki su tambayi wanda suka tarar, har da mai shara da magatakarda: idan mutum ya faɗi a nan yanzu ba ya numfashi, wa za ka kira, da wace lamba? Su rubuta amsar yadda aka faɗe ta. Sannan su ɗaga kowace waya su gwada. Abin da wannan zagayen ke tonowa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: wayoyin da suka mutu ba wanda ya kai rahoto, tsofaffin takardu masu lambar da aka daina amfani da ita, da sassan da suka ƙirƙiro tasu hanyar, kamar ɗakin haihuwa da ke kiran likitansa kai tsaye a wayarsa ta hannu.

Na'urar haɗa wayoyi

Nan ne aikin ya fi faɗuwa, domin ma'aikatan lafiya ba su san cikin na'urar da ke haɗa wayoyin asibitin da juna ba, injiniya kuma bai san abin da daƙiƙa 20 ke nufi a gaban gado ba. Dole su zauna tare.

Abu na farko, a duba ko 2222 lambar ofishin wani ce. Idan haka ne, a sauya masa lamba makonni kafin ranar fara aiki, a bar 2222 da saƙon da ke faɗa wa masu nemansa sabuwar lambarsa. Idan ba a yi haka ba, makon farko zai cika da masu kiran layin ceto suna tambayar albashi ko takardar hutu, mai ɗaukar wayar kuma zai fara yi wa ƙararta kallon wasa.

Na biyu, tsawon lambobin cikin gida. A asibitin da lambobinsa uku-uku ne, na'ura za ta haɗa kiran da zarar an danna 2 na uku, ya tafi ofishin da ke da 222. Maganinsa shi ne a ƙwace 222 ɗin ma a karkatar da ita zuwa layin ceto, ta yadda ko uku aka danna ko huɗu, wuri ɗaya kiran zai sauka. A asibitin da lambobinsa biyar-biyar ne kuwa matsalar a juye take: bayan an danna 2222 na'ura tana yin shiru na wasu daƙiƙoƙi tana jiran lamba ta biyar. Wanda ke cikin firgici zai ɗauka layin ya mutu, ya ajiye ya sake bugawa. Injiniya ya saita 2222 a matsayin lambar da ake haɗawa nan take, ya kuma janye duk wata lamba da ta fara da 2222 daga hannun masu ita.

Na uku, kiran ya tsallake layin jira. Kada ya bi bayan masu neman ofishin kati. Ya sauka a waya ta musamman mai ƙara ta daban, wadda ba a amfani da ita don komai sai wannan. Asibitoci da yawa suna sa ja don ido ya gane ta. Babu saƙon maraba da aka naɗa, babu akwatin ajiye saƙo, babu "danna ɗaya don kaza". Layin ya iya karɓar kira biyu a lokaci guda, saboda zuciya biyu na iya tsayawa cikin minti ɗaya, kuma sau da yawa mutum biyu ne ke kira kan majinyaci ɗaya. Shawararmu ita ce idan ba a ɗauka ba cikin daƙiƙa 10 zuwa 15, kiran ya wuce da kansa zuwa wuri na biyu da ba ya rabuwa da mutum a farke, kamar teburin ɗakin kulawa mai tsanani.

Na huɗu, wayoyin da aka taƙaita. Wayar kicin, ta ƙofar shiga, ta baranda da ta ɗakin wanki galibi an hana su kiran wasu lambobi. Kowace waya da ke cikin harabar asibiti ta iya buga 2222, domin baƙo da ma'aikaci ma suna faɗuwa, kuma ba a kan gado suke faɗuwa ba.

Na biyar, wuta. Tsofaffin wayoyi daga na'urar haɗawa suke samun wutarsu, don haka batir ɗaya a ɗakin na'ura ya wadatar. Wayoyin zamani masu bin layin intanet kuwa daga akwatunan rarraba layi da ke kowane bene suke sha. Idan wuta ta ɗauke na daƙiƙa 15 kafin janareto ya kama, akwatin da ba shi da batir zai mutu, kuma tashinsa da sake haɗuwar wayoyin na iya cin mintoci. Kowane akwati yana buƙatar batirinsa, a kuma gwada ta hanyar kashe wutar da gangan a buga 2222. Irin waɗannan wayoyin suna da wata illar: suna tafiya da lambarsu duk inda aka kai su. Idan an ɗauke waya daga ɗakin mata aka jona a ɗakin yara, allon mai ɗaukar kira zai ci gaba da nuna ɗakin mata. Shi ya sa ba a dogara da allo, sai da bakin mai kira.

Abin da mai kira zai faɗa

Abu uku ne, a jere ɗaya kullum: me ya faru, wane irin majinyaci ne, ina yake. Misali: "Zuciya ta tsaya. Babba. Ginin tiyata, bene na 1, ɗakin maza, gado na 14." Mai ɗaukar kira ya maimaita kalma da kalma, mai kira ya ce "haka ne", sannan a ajiye. Duka bai kamata ya wuce daƙiƙa 20 ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai kira ya yi ihun "ku zo da sauri" ya jefar da waya bai faɗi wuri ba. Na biyunsa shi ne mai ɗauka ya tsaya tambayar sunan majinyaci da lambar katinsa da cutar da ke damunsa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ayarin ke buƙata kafin ya taso.

Irin majinyacin yana da muhimmanci saboda ayarin ba ɗaya ba ne. Babba, yaro, jariri sabon haihuwa da mai ciki, kowanne da mutanensa da kayansa. Mace mai cikin da ya wuce mako 20, idan zuciyarta ta tsaya, ana ture mahaifar zuwa hagu da hannu don jini ya samu hanyar komawa zuciya, kuma idan ba ta dawo ba cikin minti 4 ana fara ciro jaririn a nan inda take, da nufin a gama a minti na 5. Wannan ba zai yiwu ba idan sai ayarin manya ya iso sannan aka tuna da likitan mata da na jarirai. Kalmar "mai ciki" a cikin kiran farko ita ce ke taso da su gaba ɗaya.

Sunan wuri yana buƙatar zama na musamman. Asibiti ya fitar da jerin sunaye guda ɗaya, kowane wuri da suna ɗaya. Ɗakin da aka sauya wa suna shekara biyar da suka wuce, tsofaffin ma'aikata suna nan suna kiransa da tsohon, sababbi kuma ba su taɓa jin sa ba. Mai ɗaukar kira ya riƙe jerin da ke nuna tsohon suna da sabo, amma a sanarwa sunan hukuma kaɗai zai faɗa. A kauce wa gajerun sunaye masu kama da juna a kunne. Inda ake kira da Turanci, 15 da 50 ko 14 da 40 kusan sautinsu ɗaya ne a waya, don haka a faɗi lamba ɗaya-ɗaya: ɗaya, biyar. Asibitin da ke da rassa biyu a kan na'urar haɗawa ɗaya, sunan reshe ne zai fara fita, in ba haka ba ayarin wannan reshe zai ruga ɗakin maza nasa alhali majinyacin yana wancan.

Dabarar da ta fi kowace arha ita ce takardar da ake mannawa a jikin kowace waya. A sama 2222 da manyan lambobi, a ƙasa kuma cikakken sunan wurin da wayar take, yadda za a faɗe shi. Nas ɗin da ta fara aiki yau ba ta buƙatar sanin sunan ginin, karantawa kawai za ta yi.

Game da launukan da ake laƙaba wa kiran gaggawa: a Amurka an saba ce wa kiran tsayawar zuciya "Kod Bulu", wato alamar shuɗi, Turkiyya ma shuɗi take cewa. Amma ma'anar launuka ta sha bamban daga asibiti zuwa asibiti, har ta kai asibitoci da dama a Amurka sun koma faɗin abu da sunansa. Mu ma hakan muka fi so. Wanda ya ji "zuciya ta tsaya" ba ya buƙatar tuna wani jadawali. Harshen da za a yi kiran da shi kuma a tsayar da shi tun farko, amma mai ɗaukar waya ya zama yana jin harshen da masu shara da masu gadi da 'yan jinya ke yi, domin sau da yawa su ne ke fara gani.

Wa ke kira, kuma yaushe

Kowa. Wannan sai shugaban asibiti ya rubuta ya sa hannu, domin a inda girma ke da nauyi, ɗalibar nas za ta tafi neman sista, sista ta kira ƙaramin likita, shi kuma ya zo ya duba kafin ya yarda a kira ayari. Minti biyar sun tafi. Ƙa'idar gajeriya ce: mutum ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, an duba bai wuce daƙiƙa 10 ba, a kira. A koya wa kowa cewa a mintin farko bayan tsayawar zuciya mutum na iya yin wani jan numfashi jefi-jefi mai kama da minshari ko shaƙuwa, wani ma ya ɗan yi fizge-fizge kamar farfaɗiya. Wannan ba numfashi ba ne, alamar tsayawar zuciya ce, kuma ita ce ke yawan yaudarar mutane su tsaya kallo.

Na farko ya yi ihun neman taimako ya fara danna ƙirji: tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, dannawa 30 sannan hura iska 2. Na biyu ya buga 2222. Na uku ya turo keken kayan ceto da na'urar girgiza zuciya. Wanda ya ba da umarni ya kama suna: "Sista Ladi, buga 2222, ki dawo ki faɗa mini." Idan aka ce "wani ya kira", kowa zai ɗauka wani ya kira. Wanda yake shi kaɗai, ba mai jin ihunsa, ya je ya kira tukuna ya dawo ya danna, saboda dannawa ita kaɗai ba ta kawo na'urar girgizawa.

Kiran da ya zamo ba tsayawar zuciya ba ne, suma ce ko sukari ya faɗi, kada a yi wa mai shi faɗa ko kallon raini. Duk ayarin da ya taɓa kunyata nas a gaban mutane kan irin wannan, ya koya wa ɗakin gaba ɗaya jinkiri.

Ayarin

Mai ɗaukar kira yana da maɓalli ɗaya da ke tayar da ayarin gaba ɗaya lokaci guda, ko ta ƙananan na'urorin sanarwa da ake rataya a ƙugu, ko ta rediyon hannu, ko ta lasifika. Kiran mutum shida ɗaya bayan ɗaya yana cin minti uku ko fiye. Ya faɗi sanarwar sau biyu, ya rubuta lokacin.

Ayarin manya yana buƙatar jagora wanda ya yi horon ceto mai zurfi, ya tsaya a ƙafar gado bai sa hannu a komai ba. Mai kula da hanyar numfashi, galibi likita ko nas na sa barci. Mutum biyu masu danna ƙirji suna karɓeɓeniya duk minti 2, domin hannu yana gajiya tun kafin mai shi ya ji. Mai na'urar girgizawa. Mai sa kanula da ba da magani. Da mai rubutu da duba agogo. A ƙara da masinja mai kai jini ɗakin gwaji da ɗauko tukunyar oksijin. Da dare ba lallai a samu mutum takwas ba, sai nas-nas na ɗakin su cike gurbi, amma a san tun farkon duti wa zai riƙe me. Ƙa'idojin Turai na 2021 sun ba da shawarar ayarin ya haɗu a farkon kowane duti, su san sunan juna, su raba aiki. Minti biyar ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na'urar sanarwa hannu da hannu ake miƙa ta. Ba a ajiye ta a aljihun tebur don mai karɓar duti ya zo ya ɗauka. Likitan da zai shiga tiyata ko zai raka majinyaci wani asibiti ya miƙa ta ga wani kafin ya tafi. Kowace rana, a lokaci ɗaya sananne, ɗakin waya ya aika sanarwar gwaji, kowane mai riƙe da na'ura ya kira ya ce ya ji, wanda bai amsa ba cikin minti 5 a neme shi. Da wannan ake kama mataccen batir da na'urar da wani ya tafi da ita gida. Sau ɗaya kuma a zaga da na'urar wuraren da sigina ke wahala: ƙarƙashin ƙasa, ɗakin hoton ƙashi mai bangon darma, cikin lif, ɗakin kwanan likitocin da ke jiran kira.

Hanya ma tana cikin kiran. Ƙofar da ake kullewa da dare tsakanin gini biyu, lif ɗin da ke tsayawa a kowane bene, ɗakin haihuwa ko na yara da sai da kati ake shiga: mai gadi ya ji sanarwar tare da ayarin, aikinsa ya buɗe ƙofa, ya riƙe lif, ya tsaya a mararraba yana nuna hanya. Ɗakin hoton maganaɗisu, wato MRI, yana da tasa doka: keken ceto da tukunyar oksijin ta ƙarfe ba sa shiga, maganaɗisun zai fizge su, don haka majinyacin ake fitowa da shi zuwa wurin da aka ware tun farko. Filin ajiye motoci, masallaci, kantin abinci da gidajen ma'aikata, a rubuta ƙarara ko ayarin ne ke zuwa da jakar kaya da na'urar girgizawa mai sarrafa kanta, ko motar asibiti ake kira.

Abin da ayarin zai tarar a wurin shi ma ya zama iri ɗaya. Keken ceto na kowane ɗaki, aljihu na farko kayan numfashi, na biyu kayan jijiya, haka har ƙasa, ba bambanci. Magungunan da ake ba babba su ne adiranalin miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5, da amiyodaron miligiram 300 bayan girgiza ta uku. A tsayar da nau'in adiranalin ɗaya a kan keken, domin akwai mai ƙarfin 1 cikin 10,000 da ake ba da mililita 10, akwai mai 1 cikin 1,000 da mililita 1 ne ke ɗauke da miligiram ɗin, kuma cakuɗa su a aljihu ɗaya yana jawo kuskure. A rarraba na'urorin girgizawa yadda za a iya girgiza mutum cikin minti 3 a kowane lungu.

Ranar sauyi

A zaɓi safiyar ranar aiki a tsakiyar mako, ba jajibirin hutu ba, ba kuma makon da sababbin likitoci ke kama aiki ba, wanda a Birtaniya yake farawa Larabar farko ta Agusta. Tsohuwar lamba kada a kashe ta. A karkatar da ita zuwa jar wayar, a bar ta haka aƙalla shekara guda, in da hali ma har abada, domin a cikin firgici yatsa tsohon abin da ya saba yake dannawa. Amma a cire ta daga ko'ina ido zai gan ta: bango, bayan katin shaida, littafin sababbin ma'aikata, jikin keken ceto. A riƙa ƙirga kiran da ke shigowa ta tsohuwar lambar, daga wane ɗaki, a koma can a sake koyarwa. A ranar kanta, mutum biyu su bi kowace waya su buga 2222 su tabbatar ta sauka inda ya kamata.

Asibitoci da yawa suna amfani da lambar don majinyacin da ke taɓarɓarewa tun zuciyarsa ba ta tsaya ba, kuma wannan daidai ne. Yawancin waɗanda zuciyarsu ke tsayawa a ɗakin jinya sun yi sa'o'i suna nuna alama: numfashi na sauri, jini na faɗuwa, hankali na rikicewa. Asibitin Liverpool da ke birnin Sidni na Ostireliya ya kafa ayarin da ake kira a wannan matakin tun 1990, kuma ma'aunin tsananin halin majinyaci, NEWS2, da Birtaniya ta fitar a 2017 ya sa maki 7 zuwa sama a matsayin kiran gaggawa. Lamba ɗaya ce, kalmar farko ce ke bambanta: "zuciya ta tsaya" ko "gaggawar jinya".

Inda babu wayar cikin gida

A asibitoci da yawa na Najeriya da Nijar wayar hannu ta ma'aikaci ce hanyar kira, kuma 2222 ba ta shiga daga layin salula. Lambar 112 ta jama'a ce a waje, ba ta tayar da ayarin cikin asibiti. Tsarin bai sauya ba, kayan aikin ne suka sauya. A sayi waya ɗaya mai maɓalli, mai riƙe caji, da layin asibiti, a ajiye ta a wurin da ake farke sa'a 24, a jone da caja mai batir ko sola. A sa mata layi na biyu na wani kamfanin saboda ranar da sabis ya ɗauke. Kowane ɗaki ya samu wayarsa ta aiki wadda ba ta barin tebur, an saita maɓallin 2 ya kira layin ceto idan aka danne shi. A sa layukan cikin tsarin kiran juna na rukuni da ake biya a dunƙule, don kada rai ya dogara da ko nas tana da kati. Don tayar da ayari, rediyon hannu irin na masu gadi ya fi wayar salula: dannawa ɗaya, kowa ya ji lokaci guda, kuma ba ruwansa da sabis. Rukunin WhatsApp yana da amfani wajen raba rosta, amma ba wajen kiran ceto ba, saboda ba shi da ƙarar da ke tayar da mai barci kuma ba a san wa ya gani ba. Duk asibitin da zai sa sabuwar na'urar haɗa wayoyi, ya ware 2222 tun ranar da ake raba lambobi, lokacin da yin hakan ba ya cin ko sisi.

Aunawa

Kowane kira a rubuta lokaci shida: lokacin da aka tarar da mutum, fara danna ƙirji, shigar kira, isowar mutum na farko na ayari, girgiza ta farko, da adiranalin na farko. Wannan ba ya da amfani idan agogon bango, na na'urar girgizawa da na ɗakin waya sun bambanta da minti huɗu, don haka a ɗauki agogon ɗakin waya a matsayin uwa, a daidaita na na'urorin da shi duk wata. Kwamitin ya duba kiran duka sau ɗaya a wata, ya nemi inda lokaci ya zube, ba wanda za a ɗora wa laifi ba. Duk wata kuma a ajiye mutum-mutumin horo a wani wuri ba tare da sanarwa ba, a ce wa wanda ke kusa ya yi abin da zai yi, mutum ɗaya yana riƙe da agogo. A riƙa sauya wurin da lokacin: yau ɗakin wankin ƙoda, wata mai zuwa ɗakin karɓar magani, kuma aƙalla ɗaya cikin kowane gwaji uku ya faɗo da ƙarfe 3 na dare ko ranar hutun mako, lokacin da ma'aikata suka fi ƙaranci kuma ƙofofi suke a kulle.